Takardar Garanti da Nisan Kano: Lissafin Motoci Biyu a Sakkwato

A ƙarshen watan Nuwamba na 2022 mata biyu masu aiki a asibiti ɗaya, can bayan gari ta hanyar Boɗinga, suka sayi mota a mako guda. Ɗaya yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ungozoma, tana zaune a Arkilla. Ɗayar ƙawarta ce tun makarantar koyon jinya, gidanta na Mabera, mu a gida Anti muke ce mata. Dukansu adashin ma'aikata ne ya ba su rance, kowace kuma ta cika da abin hannunta. Yaya ta sayar da filin da ta daɗe tana tattali, Anti ta sayar da sarƙarta ta zinari da shanu biyu da ke hannun kiwo a ƙauye. Zirga-zirgarsu kusan ɗaya ce, wajen kilomita 1,200 a wata idan an haɗa zuwa aiki da kai yara makaranta da zumunci. Ni ke riƙe wa Yaya takardun mota, ni ne kuma direbanta idan tafiya ta yi nisa. Na Anti kuwa mijinta ne ya riƙa rubuta duk abin da aka kashe a wani littafi, shi ya ba ni na kwafa.

Dalilin Yaya na neman sabuwa dal bai da tsawo. Tsohuwar motarta ta taɓa mace mata da ƙarfe biyun dare, an kira ta kan wata mai naƙuda da jini ya ɓalle wa. Ranar da muka zauna shawara abin da ta ce mini ke nan: "Auta, ni na gaji da turin mota. Ina son wadda in anka kira ni tsakad dare, in murɗa makulli ta tashi." Muka tafi Kano muka ɗauko wata ƙaramar mota ƙirar Indiya, mai injin lita ɗaya da silinda uku, a kan naira miliyan 8.

Bayan an gama biya, saurayin da ya sayar mana ya ajiye takardu biyu a kan tebur. Ta farko garantin kamfani ne, shekara uku ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, kuma kuɗinsa na cikin farashin motar. Ta biyu ƙarin garanti ne na shekara biyu, wanda zai fara aiki ranar da na farkon ya ƙare, amma a biya yau, naira 350,000. Ya ce in aka bari sai gaba ba za a same shi a haka ba. Yaya ta dube ni, na duba manyan layukan takardar, na ce ta sa hannu. Shafi huɗu ne masu ƙananan rubutu, kuma ban karanta su ba sai bayan wata ashirin da tara. Wannan sakacin har yau yana yi mini ciwo, domin amanar karatun a hannuna take.

Da muka dawo gida kawunmu ya zo ganin mota, ya sa albarka, aka ba shi labarin takarda ta biyu. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Wanga ai sayen kihi cikin ruwa na." Maganarsa tana da tushe. Malamai da yawa ba su ga laifin garantin da ya zo a cikin cinikin kayan ba, tunda sharaɗi ne mai sayarwa ya ɗora wa kansa, amma sun fi taka-tsantsan da wanda ake saya daban da kuɗi daban, saboda mai biya bai san ko zai karɓi wani abu ba, bai kuma san nawa ba. A lokacin mun ɗauki maganar a matsayin ta dattijon da bai saba da harkar kamfani ba.

Sharaɗin da ya zama ƙashin bayan komai yana shafi na uku. Dole a kai motar sabis garejin kamfanin, na farko a kilomita 1,000, daga nan duk kilomita 5,000, kuma kowane zuwa a buga tambari a littafin sabis. Kamfanin ba shi da gareji a Sakkwato. Mafi kusa shi ne na Kano, tafiyar sama da kilomita 500 ta Talata Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa. Mun riga mun cinye rabin kilomita dubun farko wajen kawo motar gida, don haka mako biyu da saye na sake kama hanya. Ga wani lissafin da ban yi ba sai da nake kan titi: zuwa da dawowa ya haura kilomita 1,000, ke nan kashi ɗaya cikin biyar na tazarar da ke tsakanin sabis da sabis a hanyar zuwa sabis ɗin yake ƙarewa. Sannan mutane da yawa suna zaton garanti na nufin sabis kyauta. Ba haka ba ne. Baƙin mai da filta da kuɗin aiki duk mai mota ke biya, a farashin kamfani, ga man tafiya, ga masauki na kwana ɗaya, ga ranakun aiki biyu da suka tafi.

Kada in zalunci garantin, ya taɓa yi mana rana. A watan Yuli na 2023 fitilar inji ta kama, aka duba a Kano aka ce na'urar da ke auna hayaƙin salansa ce ta mutu. Sun canza ta ba mu ba da ko sisi ba. Sai dai babu ita a ma'ajiyarsu, daga Legas za a aiko, motar ta kwana goma sha shida a wurinsu. Na dawo a motar haya, na sake komawa a motar haya, Yaya kuwa ta yi kwanakin tsakanin agwagwa da buje, wato keke napep, da 'yan kabu-kabu, har da aikin dare. Da na tara abin da muka kashe a kan wannan gyaran na kyauta, ya kusa kai kuɗin na'urar kanta.

Tsakanin nan duniyar mota ta juya. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba, ko da yake a Sakkwato ba kasafai ake samunta a haka ba, ta haura 500 cikin kwanaki, a Yuli ta wuce 600, zuwa Oktoban 2024 ta taɓa 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira, dalar da take ƙasa da naira 500 a banki lokacin da aka sayi motocin nan ta zarce 1,500 a farkon 2024. Duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi ya bi ta.

Na kai motar Kano sau huɗu, na ƙarshe a Nuwamba 2023. Da lokacin na biyar ya yi, labarin tare hanya tsakanin Gusau da Funtuwa ya yi yawa, mahaifiyarmu ta ce ba ta yarda in sake bin hanyar nan don juyen baƙin mai ba. Ban yi mata gardama ba, kuma ko yau ba zan yi ba. Muka samu wani makaniki mai natsuwa a nan cikin gari, muna sayen mai mai kyau da filta da kanmu muna kai masa.

A watan Afrilu na 2025, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40 tun kafin azahar, esin motar ya daina sanyi. Kwamfireso ya tafi. Motar tana da wata ashirin da tara, ta yi kilomita 39,000, ke nan a takarda tana tsakiyar garanti. Na kira Kano, suka ce in ɗauki hoton littafin sabis in turo ta WhatsApp. Tambari na ƙarshe yana kan kilomita 18,000 da 'yan kai, bayansa gurbi huɗu fayau. Mutumin ya yi mini magana cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ka duba shafi na uku." Na ce mene ne haɗin baƙin mai da esi? Ya ce a kowane sabis suna duba bel da gas da kwandensa, tunda ba su ga motar ba shekara ɗaya da rabi, ba za su ɗauki alhakin abin da ya same ta ba. Raina ya ɓaci, amma ban iya cewa maganarsa ba ta da kai ba. A Amurka akwai dokar 1975 da ta hana kamfani soke garanti don kawai an yi sabis a wani gareji. A nan muna da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, mun kuma yi tunanin kai ƙara, sai dai sa hannun Yaya na ƙasan sharaɗin, kuma bin maganar wata tafiyar ce.

A daren ne na zauna na karanta shafuka huɗun nan, na ga cewa ƙarin garantin ma ya mutu. Sharaɗinsa na farko shi ne littafin sabis ya kasance cike babu giɓi. Abin da aka biya a 2022 don ya fara aiki a ƙarshen 2025 ya rushe tun farkon 2024, ba mu sani ba. Ko da bai rushe ba, na ga abubuwan da suka sanyaya mini jiki. An ƙayyade cewa gyara ɗaya ba zai wuce naira 500,000 ba, adadin da aka rubuta da nairar 2022, babu maganar ƙara shi in kaya sun tashi. An cire taya, batir, takalmin birki, faifan kuloci, shokozoba, bel da ƙwan fitila, wato duk abin da ke cinyewa da amfani. An cire ɓarnar da gurɓataccen mai ya jawo, da ta ruwa, da ta ƙura, da ta zafin inji in direba ya ci gaba da tafiya. To me ke kashe mota a Sakkwato in ba waɗannan ba? Ƙurar hunturu da ke toshe filta cikin makonni, zafin bazara da ke dafa batir da roba, ramukan damina, da man galan na 'yan bumburutu da kowa ke komawa gare shi ranar da gidajen mai suka rufe. Ko man gidan mai ba a rantse masa ba, kowa na tuna wanda aka shigo da shi a Fabrairun 2022 mai sinadarin metanol da ya lalata injuna. Abin da takardar ta rage shi ne kuskuren ƙira a cikin inji ko giya, wanda in zai fito yakan fito da wuri, garantin farko na nan.

Kwamfireson bai samu a Sakkwato ba. Mun zagaya 'yan kayan gyara, kowa ya juya tsohon a hannu ya girgiza kai. Wani ɗan kasuwa ya sa aka nemo a Legas, ya iso bayan kwana goma sha ɗaya, ya tashi naira 450,000 har da gas da kuɗin aiki.

Anti ita Beljiyam ta saya, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, Corolla ta 2010 mai injin 1.8 da giya otomatik, a wurin wani dillali a nan cikin gari, naira miliyan 4 da dubu 800. Abu ɗaya mijinta ya yi daidai tun farko: bai biya ba sai da ya tabbatar da takardar kwastan. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma a garin da Illela, bakin iyakar Nijar, ke kusa haka, mota mai takardar bogi ba baƙuwa ba ce. Garantin dillali kuwa na baki ne, in inji ko giya ya ba da matsala cikin mako biyu a dawo da ita. Na kamfanin Toyota a Amurka shekara uku ne ko mil 36,000, na inji da giya shekara biyar ko mil 60,000, ke nan ya ƙare shekaru da dama kafin motar ta hau jirgin ruwa, kuma dama ba ya ƙetare teku.

Agogon motar ya nuna 91,000. Anti ta ɗauka kilomita ne, alhali motar Amurka mil take ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Bayan wata biyu da saye na karɓi lambar shasi, haruffa da lambobi goma sha bakwai da ke ƙasan gilashin gaba, na biya aka ciro tarihinta a Carfax, kamfanin da ke ajiye tarihin motocin Amurka. Rubutu na ƙarshe a can ya nuna ta haura mil 160,000, kuma kamfanin inshora ne ya yi gwanjonta bayan ta yi karo ta gaba. Ban ce dillalin ne ya juya agogon ba, mota takan bi hannu huɗu ko biyar tsakanin filin gwanjo da Sakkwato. Amma binciken da bai kai kuɗin taya ɗaya ba, da an yi shi kafin biya, da ko dai an fasa ko an rage farashi sosai.

Shekarar farko ta sha kuɗi. Tayoyin suna da zane mai kyau, amma lambobi huɗun da ke gefensu, masu nuna mako da shekarar ƙira, sun ce sun haura shekara bakwai, ɗaya ta fashe a kan kwalta mai zafi aka canza duka huɗun. Batir ya bi, shokozoba na gaba suka bi. Babbar ɓarnar kuwa a gabana aka fara ta. Makanikin farko ya kwance tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, ya ɗora shi a tafin hannu ya nuna wa mijin Anti, ya ce: "Alhaji, wanga na ƙasas sanyi na, nan ba ya da aiki." Ya jefa shi cikin kwano, ya haɗa fanka kai tsaye, ya zubar da ruwan lagireto mai launi ya cika da na rijiya, ya kuma zuba baƙin mai mai kauri, 20W-50, a injin da aka ƙera don mai sirara irin 5W-20. Duk wannan al'ada ce a garejinmu, kuma da kyakkyawar niyya ake yi. Amma injin da aka cire wa tamostat ba ya tsayawa a zafin da aka tsara masa, sai ya ƙara shan mai, ruwan rijiya kuma yana kawo tsatsa da gishiri. A watan Mayu na 2023 famfon ruwa ya fara yoyo, motar ta tafasa wajen kwanar filin jirgi, Anti ta lallaɓa ta don ta isa aiki, gaskit ya ƙone.

Makaniki na biyu ya mayar da komai yadda kamfani ya yi shi. Littafin mijin Anti ya nuna wajen naira dubu 900 a gyare-gyaren shekarar farko. Daga nan motar ta kwanta, shekara biyun da suka biyo baya ba su ci fiye da dubu 500 ba duk da tsadar kaya. Dalilin a fili yake. Babu abin Corolla da za ka nema a Sakkwato ka rasa, kuma kala uku za a ajiye maka: sabo, Beljiyam, da ɗan Chaina, kowane da kuɗinsa. Motar ba ta taɓa kwana uku a gareji don jiran kaya ba.

Inda ƙaramar motar ta rama shi ne mai. Da esi a kunne, Corolla tana shan wajen lita 9 a kilomita 100, ta Yaya wajen 6. A tafiyar kilomita 1,200 bambancin lita 36 ne a wata. Lokacin da suka sayi motocin wannan bai fi naira dubu bakwai zuwa tara ba, ba wanda ya sa shi a lissafi. Da lita ta kai 1,000 ya zama dubu 36 duk wata. A shekara ukun, in aka bi farashin kowane lokaci, Anti ta fi Yaya zuba wa tanki wajen naira dubu 900. Inshora kuma ta juya ta ɗaya gefen. Daga Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da inshorar dole, mai biyan wanda ka yi wa ɓarna, daga naira 5,000 zuwa 15,000, cikakkiyar inshora kuwa ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Yaya ta ji tsoron hawa motar miliyan 8 babu kariya, ta yi takaful, wato inshorar Musulunci, na shekarar farko a kan 400,000, daga baya ta koma ta dole irin ta Anti.

In aka ajiye man da dukansu suka sha daidai da sabis na cikin gari, Yaya ta kashe wajen miliyan 9 da dubu 700: kuɗin mota, ƙarin garanti, takaful, tafiye-tafiyen Kano da suka lashe kusan dubu 500, da kwamfireso. Anti ta kashe wajen miliyan 7 da dubu 100. Tazarar da ta fara a miliyan 3 da dubu 200 ta ragu kaɗan, ba ta rufe ba. Da muka gwada jin bakin dillalai a ƙarshen 2025, Corolla aka fi rububi, an taya ta sama da miliyan 7. Ta Yaya sun zagaya ta, sun yaba, tayin bai kai abin da ta saya ba, duk da cewa sabuwarta a kamfani ta ninka. Ɗaya daga cikinsu ya faɗi gaskiya: "Hajiya, mota lahiya lau take, amma wa za mu saida ma wa? Kowa tsoron kayan gyara shikai." Kada wanda ya ga an taya Corolla fiye da kuɗin sayenta ya ce riba aka ci, nairar ce ta rage nauyi.

Da wannan kaɗai za a ce Anti ta yi nasara, kuma ta fuskar aljihu haka ne. Amma akwai abin da littafin mijinta bai rubuta ba. Sau uku aka jawo Corolla da igiya, sau biyu Anti ta kwana a asibiti ba don tana da aiki ba. Motar Yaya a shekara uku ba ta taɓa ƙin tashi ba, dare ko rana, kuma abin da ta je saye ke nan. Yanzu tana da kilomita 47,000 kacal, ita kuwa Corolla shekararta goma sha biyar, giyarta ta fara fizga in ta yi zafi, ga lita 36 ɗin nan da ke fita duk wata. In aka sake wannan lissafin bayan shekara uku ina kyautata zaton tazarar za ta matse ƙwarai.

Ni a ganina sayen sabuwar ba kuskure ba ne. Kuskuren shi ne naira 350,000 ɗin nan, da tambaya ɗaya da ba mu yi ba a gaban teburin: ina garejinku mafi kusa da Sakkwato? Ga mutumin Kano ko Abuja da gareji ke bayan unguwarsa, ko ma'aikatar da ke da direbobi da motoci goma, ƙarin garanti na iya zama abin dubawa, in an karanta abin da ya cire da iyakar abin da zai biya. Ga ungozomar da ke Arkilla, alkawari ne da cika sharaɗinsa ke buƙatar ƙanenta ya ratsa Zamfara sau uku a shekara har shekara biyar. Da an sa kuɗin a ɗan maraƙi ko giram kaɗan na zinari a Nuwamban 2022, da ranar da kwamfireso ya mutu an sayar an biya har da canji.

A ƙarshen Nuwamba 2025 saƙo ya shigo wayar Yaya daga kamfanin, cewa ƙarin garantinta zai fara aiki, ta kawo motar da littafin sabis a duba. Ta turo mini shi ba ta ƙara ko kalma ba. Yanzu duk wata tana ware naira 20,000 a wani adashi daban da take kira kuɗin mota, kuma duk wanda zai je Kano cikin dangi sai ta ba shi saƙon filtar iska biyu ko bel, suna nan a but cikin leda. Littafin sabis ɗin yana cikin motar har yanzu. Makanikin nan namu, wanda ya fara gane kan injin mai silinda uku, shi ke cike guraben da aka tanada don tambari, yana rubuta kwanan wata da kilomita da biro, ya sa hannu a ƙasa.